Injin hoto biyu a kwamfuta ɗaya: yadda masu Linux a Gombe za su ceci batirinsu

A watan Afrilun 2024, lokacin da ɓarayi suka kayar da turakun babban layin wuta na Jos zuwa Gombe, birnin ya shafe makonni cikin duhu a tsakiyar bazara. A irin wannan hali, darajar kwamfutar tafi-da-gidanka ga ɗalibin Jami'ar Jihar Gombe da ke Tudun Wada, ko mai gyaran bidiyon biki a Jekadafari, tana komawa ne kan tambaya guda: awa nawa batirinta zai kai?

Yawancin kwamfutocin hannu masu ƙarfi da ake shigowa da su suna ɗauke da injin sarrafa hoto guda biyu. Akwai ƙarami na Intel ko AMD da ke haɗe da ƙwaƙwalwar na'urar, mai cin wuta kaɗan, wanda ya isa rubutu da lilo a intanet. Akwai kuma babba, galibi na kamfanin Nvidia, wanda aka tanada don aiki mai nauyi kamar zanen gini da tace bidiyo. A 2010 Nvidia ya fito da tsarin Optimus, wanda a Windows yake sauya aiki tsakanin injinan biyu ba tare da mai kwamfuta ya sani ba. A Linux kuwa labarin ya sha bamban.

Shekaru da dama kamfanin bai kula masu Linux ba. Masu sa-kai ne suka ƙirƙiro manhajar Bumblebee a 2011 don toshe giɓin, ita ma da kyar. A 2012, a wani taro a Jami'ar Aalto ta ƙasar Finland, wata mahalarciya ta yi ƙorafi kan Optimus, sai Linus Torvalds, wanda ya kafa Linux, ya fusata ya yi wa Nvidia daƙuwa a gaban kyamara. Sai a 2019, da direba mai lamba 435, aka samu hanyar da kamfanin ya amince da ita ta barin ƙaramin injin ya riƙe allo, a kira babban kawai idan wata manhaja ta buƙace shi.

Maganar ta ƙara muhimmanci tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, domin tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, kuma Linux ce mafita mafi araha. Matsalar ita ce wanda ya ɗora ta bai lura ba, yana iya barin babban injin a kunne dare da rana. Alamominsa sanannu ne: fanka na ruri alhali ba a aikin komai, ƙasan kwamfuta ya ɗau zafi, batiri ya ƙare kafin a kammala darasi. A garin da zafi kan haura digiri 40 a Maris da Afrilu, ga ƙurar hunturu da ke toshe hanyar iska, wannan sakaci yana gajarta rayuwar batiri.

A Ubuntu da Linux Mint gyaran ba shi da wahala. Umarnin prime-select yana ba da zaɓi uku: intel, nvidia da on-demand. Na farko shi ne na ranar da babu wuta. Na biyu na mai aikin bidiyo ne da ke jone da soket ko janareta. Na ukun ya fi dacewa da akasarin mutane, domin a tebirin GNOME sai a danna manhaja da maɓallin dama a zaɓi buɗe ta da babban injin. Bayan sauyawa, gara a sake kunna kwamfutar. Masu Fedora ko Arch na iya amfani da EnvyControl, Pop!_OS kuma ta zo da nata zaɓin tun daga tushe.

Sai dai akwai abin da mai sayarwa ba lallai ya faɗa ba. Kashe babban injin ɗungurungum da kansa idan ba ya aiki, a katunan zamanin Turing zuwa sama yake samuwa, wato jerin GTX 16 da RTX 20 da na bayansu. A tsofaffi irin su 940MX da GTX 1050, waɗanda suka yawaita a kwamfutocin hannu, zaɓin on-demand yana barin injin yana lasar wuta a ɓoye, don haka intel ya fi masu tsimi. Katunan da suka tsaya a direba 390 kuwa ba su da wannan zaɓi na uku ko kaɗan.

Wani tarkon kuma yana jiran malamai da masu gabatar da kundin digiri. A wasu kwamfutocin, ramin HDMI da babban injin yake haɗe kai tsaye, saboda haka wanda ya kashe shi don tsimin batiri zai jona majigi a zaure ya ga allo baƙi. Maganinsa shi ne a mayar da zaɓin kan nvidia, a gwada da talabijin tun a gida, kafin ranar gabatarwa.