Zaɓen Makaranta Bayan Samun Gurbin Karatu

1.0 Gabatarwa

Samun gurbin karatu a babbar makaranta abin farin ciki ne, sai dai yana zuwa da shawara mai nauyi: ɗalibi ya karɓa ko ya ƙi. Wannan darasi zai bayyana yadda tsarin yake, da ma'aunan da malami zai yi amfani da su wajen ba ɗalibansa shawara. An ɗauki misali daga Dangoma, a ƙaramar hukumar Kalgo ta Jihar Kebbi.

1.1 Yadda Ake Ba da Gurbi

Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ita ce ke kula da ɗaukar ɗalibai. Tun daga 2017 take gudanar da aikin ta intanet, a ƙarƙashin tsarin CAPS. Makaranta ta gabatar da sunan ɗalibi, hukumar ta amince, sannan shi ya karɓa ko ya ƙi. Idan ya karɓa, wata makarantar ba za ta iya ɗaukarsa ba. Idan kuwa ya ƙi, babu tabbacin samun wani gurbin a wannan shekarar. Ke nan zaɓin yana tsakanin gurbin da ke hannu da wanda ake sa rai ne. Hausawa na cewa ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, amma ya kamata a duba ƙwan kafin a haɗiye.

1.2 Makarantun da ke Kusa

Ɗalibin Dangoma yana da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, mazauninta na dindindin kuma yana yankin Kalgo. Akwai Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, da jami'ar jiha da aka kafa a Aliero a 2006.

1.3 Ma'aunan Zaɓe

(a) Fanni. Shi ne kan gaba, ba sunan makaranta ba. Wanda aka ba fannin da ba ya so a jami'a yana iya gajiya ya bari, alhali da ya yi fice a kwalejin ilimi.

(b) Amincewa. A tabbatar hukuma ta amince da fannin: NUC ga jami'o'i, NCCE ga kwalejojin ilimi, NBTE ga kwalejojin fasaha.

(c) Tsawon karatu. NCE shekara 3 ce, kuma ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Nijeriya. Mai ita yana iya fara aiki, ko ya shiga jami'a daga aji biyu ya ƙara shekara 3. Digirin ilimi kai tsaye shekara 4 ne. Mai NCE kaɗai ba ya zuwa bautar ƙasa.

(d) Ɗawainiya. Kuɗin rajista ɓangare ne kawai. A lissafa masauki da abinci da kuɗin mota na dukkan shekarun. Wanda ke karatu a Kalgo yana kusa da rumbun gida. Na Argungu ko Aliero sai ya kama ɗaki. Ga 'ya mace, batun masauki kan sa iyaye su amince ko su hana. Bashin karatu da Gwamnatin Tarayya ta fara bayarwa a 2024 yana rage nauyi, amma bashi ne da za a biya.

1.4 Kammalawa

Makarantar da ta dace ita ce wadda ɗalibi zai iya kammalawa, a fannin da zai amfane shi. Aikin malami shi ne ya zauna da ɗalibi da iyayensa su auna waɗannan abubuwa kafin a karɓi gurbi, domin sau da yawa ba su da wanda za su tambaya sai shi.

Tambayoyi

1. Bayyana abin da ke biyo bayan karɓar gurbi da ƙin sa.
2. Ɗalibarka ta sami gurbi a Argungu, tana kuma sa ran na jami'a. Wace shawara za ka ba ta? Kawo dalilai uku.