Hawan Ƙaho, Namu Da Na Mutanen Andalus

 Ga wata magana da ta fara yawo a bakin samarin Rigasa har ta iso zaurukan malamai. Samarin nan da suka daɗe da sanin Madrid da Basalona ta hanyar ƙwallon ƙafa, yanzu wasunsu sun gano a cikin wayar hannu cewa mutanen ƙasar Sifaniya suna da wani wasa da ya girmi ƙwallo nesa ba kusa ba, watau karo da bijimi a tsakiyar fili. Suna miƙa wa juna hotunan suna riƙe baki, sai ka ce ba a taɓa yin irinsa a ƙasar Hausa ba. Alhali kuwa kakannin wasunsu da ƙirjinsu suka tari ƙaho, ba takobi, ba doki.

Hawan ƙaho wasan mahauta ne, gadonsu ne kamar yadda kalangu yake kiɗansu. Ba kowane sa ake hawa ba. Sai an zaɓo mafaɗaci wanda ya ƙoshi, mai dogon ƙaho a buɗe, irin farin nan Bunaji ko jan nan Rahaji. Bokolo na ƙasar Sakkwato, da yake ƙahonsa gajere ne, ba shi da wurin kamu. Akan ɗaura wa san igiya biyu, ɗaya ta gaba, ɗaya a ƙafar baya, ƙarfafan samari su riƙe, a fito da shi fili yana huci yana tonon ƙasa. Makaɗa su ɗauki taken mai hawa. Shi kuwa ya fito tsakiya ya yi kirari, ya ambaci ubansa da kakansa, har tsuma ta kama shi. Sa'an nan a sassauta igiyar gaba. Da san ya sunkuyar da kai ya taho, sai mutumin ya faɗa tsakanin ƙahonin biyu, cikinsa bisa goshin sa, hannuwansa sun zagaye wuya, ƙafafunsa na reto wajen hanci. San ya yi ta girgiza kai, ya ɗaga shi sama, ya nemi ya maka shi da ƙasa. In ya daure har san ya gaji ko aka kayar da shi, to, ya hau. In ya kuskure da faɗin tafin hannu guda, ƙaho ya samu haƙarƙari ko mara, sai dai Allah ya kiyaye.

Na ga wannan da idona ina almajiri a wani gari na ƙasar Zazzau, ran jajiberen Sallah, muna bisa katanga. Abin da ya tsaya mini a rai ba mai hawan ba ne. Wani dattijo ne da ke riƙe da igiyar baya, bai ce uffan ba, ba mai yi masa kiɗa, idonsa na kan kofaton sa. Ran mai hawa a hannunsa yake, bayan ikon Allah. In ya ja da wuri wasa ya lalace, jama'a su yi tsaki. In ya makara a ɗauki mutum ranga-ranga.

Mai son wannan wasa a ƙasarmu ba shi da takardar da zai duba. Lokatansa sanannu ne: jajiberen ƙaramar Sallah da na babba, sa'ad da mahauta ke nuna shanun da za su yanka, da ranar naɗin Sarkin Pawa, da bikin auren 'ya'yan gidan pawa. A kasuwa ake jin labari, wane zai hau a gari kaza, sai a ɗaura niyya. Da yake kuma Sallah tana zagaya shekara, kowace shekara tana matsowa da kwana 11 ko kusa da haka, wasan ba ya zama iri ɗaya. Sallar da ta faɗo da kaka, bayan shanu sun sha ɗanyar ciyawar damina, ita ce mai bijimai masu tozo da faɗa. Wadda ta faɗo da bazara kuwa, sa ya rame, hawansa ba abin alfahari ba ne, masana wasan kuma sun san haka. Tsakanin Sallah da Sallah dambe ke riƙe su, domin shi ma asalinsa na mahauta ne, da kaka ake binsa gari gari.

To, a Sifaniya abin a tsare yake kamar azuzuwan makaranta. Mu almajirai ƙasar ba baƙuwa ba ce gare mu, ita ce Andalus ta cikin littattafai, ƙasar Ƙurɗubi mai tafsiri, da Ibn Malik mai Alfiyya, da Alfazazi mai Ishriniya, wadda mulkin Musulmi ya ƙare a cikinta a 1492 da faɗuwar Garnaɗa. Garuruwan da muke karanta sunayensu a zaure su ne zangunan masu bin wasan sa a yau. A watan Maris ake buɗe manyan bukukuwa a Balansiya. Daga nan a gangara Ishbiliya, wadda suke kira Sebiya, domin bikin Afrilu. Mayu zuwa farkon Yuni a Madrid ake, a filin Las Ventas da aka buɗe a 1931, mai ɗaukar mutum fiye da 23,000, kusan wata guda ana yi. Nan ne ake auna kowane gwani, gama 'yan kallon Madrid ba su da kara, in mutum ya ja da baya taƙi ɗaya sai fito ya tashi ko'ina. Yuli na Pamplona ne. Agusta a hau arewa zuwa Bilbao, a Oktoba kuma a rufe a Saraƙusɗa, watau Zaragoza. Da sanyi ya shigo sai gwanayen su ƙetare teku zuwa Meziko da Peru. Mai hali yakan yanki tikitin biki gaba ɗaya, kujerar inuwa kuma ta fi ta rana tsada.

Na Pamplona shi ne samarinmu suka fi gani a waya. Daga 7 zuwa 14 ga Yuli, kowace safiya da ƙarfe 8, akan saki bijimai shida cikin lungunan gari, su yi gudun mita 850 ko sama kaɗan zuwa fili, mutane na tsere a gabansu. Cikin minti uku an gama. Daga 1910 zuwa yau mutum 16 suka rasa rayukansu a wannan gudu, na ƙarshe a 2009. Amma wannan rakiya ce kawai. Ainihin wasan da yamma ake yinsa, shi ne kuma ya kamata mai karatu ya san yadda yake kafin ya yi masa tafi.

Gwanaye uku ne, bijimai shida, kowa biyu. San na musamman ne, ɗan shekara 4 zuwa ƙasa da 6, a manyan filaye kuma ba a karɓar wanda bai kai kilo 460 ba. Tun haihuwarsa ba a bari ya yi karo da mai mayafi a ƙasa, domin sa yana da wayo, in ya gane mayafi dabam mutum dabam, ba mai iya tsayawa gabansa. Da ya shigo, sai wani bisa doki ya soke shi da mashi a doron wuya, don jini ya zuba, wuyan ya yi rauni, kai ya sauko. Kafin 1928, da aka wajabta sa wa dawaki lifidi, dawakin kansu farke su ake yi a gaban jama'a. Bayan mai mashi sai a kafa masa tsinkaye shida masu ƙugiya a kafaɗa. Sa'an nan gwanin ya fito shi kaɗai da jan ƙyalle, ya yi ta wuce da san daf da jikinsa. Jan launin ba don sa ba ne, shi motsi yake bi. A ƙarshe ya cusa takobi tsakanin kafaɗu, in bai mutu ba a ƙarasa shi da wuƙa a ƙeya. Duka minti 20. In 'yan kallo sun gamsu su kaɗa fararen ƙyallaye, a yanko kunnen san a ba gwani tukuici.

Ba na ƙaryata jaruntar mutanen nan. Manolete, wanda suke ɗauka cikin manyansu, sa ne ya soke shi a garin Linares ran 28 ga Agusta 1947, washegari ya mutu. Víctor Barrio ya mutu a fili a 2016, Iván Fandiño a 2017 a kudancin Faransa. Tsoron da mahaucin Kano ya haɗiye shi ne suka haɗiye. Bambancin yana ga abin da aka yi wa dabbar kafin a tsaya gabanta. Can an raunana sa sau biyu sa'an nan mutum ya tunkare shi da makami. Nan an daure sa da igiya, amma jikinsa lafiya lau, ƙarfinsa cikakke, mutum kuma hannu biyu ya zo da su.

Ga wanda ya yi karatun zaure hukuncin na can ba ɓoyayye ba ne. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya hana a mai da mai rai abin gwada makami, ya hana zuga dabbobi, ya kuma yi umurni da a wasa wuƙa a hutar da abin yanka, kamar yadda yara ke haddacewa a hadisi na 17 cikin Arba'una. San da aka kashe da takobi da sukan ƙeya mushe ne, ko da yake su can suna sayar da namansa. A mazhabarmu ta Malikiyya ma, dabbar da aka riga aka huda makasarta, kamar lakar baya ko hanji, yanka ba ya halatta ta. Majalisar malaman fiƙihu ta Rabiɗa, a zamanta na Makka a 1987, ta yanke cewa wasan haramun ne. A zaman nan ne kuma ta haramta damben naushin fuska, wannan kuwa sai masoya dambenmu su ji da kyau. Kiristocin ma ba bakinsu ɗaya ba, gama Paparoma Pius na Biyar ya hana shi tun 1567, ba a dai ji ba.

Kada mai karatu ya ce malam ya wanke namu tas. Sa da aka ja cikin gari da ihu da duka, aka murɗa masa wutsiya don ya fusata, ba a hutar da shi ba. Saurayin da ya faɗa ƙaho don budurwa ta gani, ba don ya iya ba, ya jefa kansa ga halaka, an kuwa hana mu haka. Mafi muni shi ne dogara ga guru da kambu da laya, da cewa wane ƙaho ba ya cinsa. Wanda ƙaho bai ci ba, ya san lokacin faɗawa ne, kuma mai igiyarsa ba ya gyangyaɗi. Sai dai a ƙarshen namu san yana kwantawa ne a fuskance shi alƙibla, a ambaci sunan Allah, gari ya ci nama. Kama sa mafaɗaci kuwa aiki ne da mahauci ba ya da makawa sai ya iya, wasan daga jikin sana'ar ya tsiro.

Wani abin mamaki, ɗan'uwan wasanmu na haƙiƙa yana maƙwabtan Sifaniya, watau Fotugal. Can mutum takwas ke jeruwa hannu wofi, na gaba ya kira sa, ya tare shi da ciki tsakanin ƙahoni ya rungume wuya, sauran su danne, ɗaya ya kama wutsiya. Ba sa kashe san a gaban jama'a, sai a wasu 'yan garuruwa na bakin iyaka da aka yi wa rangwame, amma su ma suna kafa masa tsinkaye. Wani Bature mai suna Tremearne, wanda ya yi aiki a Jama'a cikin kudancin jihar Kaduna ta yau, ya lura da wannan kama, har ya buga ɗan rubutu a 1910 yana gwada wasan sa na Nijeriya da na Fotugal.

Yau duka biyun baya suke ja, kowane da dalilinsa. Majalisar Kataloniya, yankin da Basalona take, ta hana wasan a 2010, aka yi na ƙarshe a Satumba 2011. Gwamnatin Sifaniya ta sa shi cikin al'adun gado a 2013, babbar kotun tsarin mulki ta soke hanin a 2016, amma har yanzu bai komo Basalona ba. Kolombiya ta yi dokar hana shi a 2024, birnin Meziko kuma ya hana zubar da jinin sa a fili a 2025. Namu ba doka ce ta kore shi ba. Da, shanu da ƙafa suke zuwa ta burtali, a ja su cikin gari kowa na gani. Yanzu babbar mota ke sauke su a Zangon Tudun Wada, daga nan sai mayanka. Ɗan mahauci a Rigasa ya fi sanin babur da Keke Napep bisa igiyar sa, filayen da za a yi wasa kuma duk sun zama gidaje.

Abu ɗaya nake ƙyashin mutanen Andalus a kansa, shi ne rubutu. Sun san sunan san da ya kashe Manolete, Islero, sun san daga garken Miura ya fito, sun san ranar. Mu kuwa Shago ya tsira daga mantuwa ne don Ɗan Anace ya yi masa waƙa, mahaya ƙaho da yawa kuma sun tafi da sunayensu a bakin kalangu. Dattawan gidan pawa da suka riƙe igiya suna nan da ransu a Tudun Wada da Zariya da Kano da Katsina. Duk almajirin da ke da irin wannan kaka, ya ɗauki alƙalami da tawada ya zauna gabansa, ya rubuta sunan mai hawa da garinsa da zamanin Sarkin da ya yi wasa a gabansa, ko da ajami ko da boko, ya aiko wa Edita.