Yadda Ake Sanin Shekarun Duwatsun Kwarin Rima

Ƙasar da Birnin Kebbi da Argungu suke a kanta hawa-hawa ce: yashi, yumɓu, farar ƙasa, sannan marmara daga sama. Ban da marmarar, ruwa ne ya shimfiɗa su ɗaya bisa ɗaya a cikin wani makeken kwari da masana ke kira Iullemmeden, sunan da aka samo daga wata ƙabilar Abzinawa. Kwarin ya haɗa da Mali da Nijar da Benin da Aljeriya, ɓangarensa na Najeriya kuma shi ne kwarin Sakkwato.

Ƙa'idar farko ta karanta irin wannan ƙasa, Nicolas Steno ya rubuta ta a 1669: muddin ba a birkita shimfiɗa ba, ta ƙasa ta girmi ta sama. Duk mai haƙar rijiya ya ga haka da idonsa. Shimfiɗun kwarin Sakkwato sun ɗan karkata zuwa arewa maso yamma, don haka tsofaffin suna leƙowa ta gabas da kudu. Can wajen Zuru da Yawuri ake ganin tushen gaba ɗaya, ƙaƙƙarfan dutsen da wani sashensa ya daskare kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce. A kansa shimfiɗun Gundumi da Illo suke, masu ɗauke da itatuwan da suka rikiɗe suka zama dutse.

Daga nan sai teku ta shigo. Tsakanin shekara miliyan 72 da 66 baya, ruwan gishiri ya gangaro daga arewa ta inda Sahara take yau, ya bar shimfiɗun Taloka da Dukamaje da Wurno. A ta Dukamaje aka tono ƙasusuwan wani babban ƙadangaren teku, wanda masanan Italiya suka raɗa wa suna Goronyosaurus a 1972 saboda garin Goronyo. Irin waɗannan dabbobi sun ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce, lokaci guda da dinosa. Tekun ta ja da baya, ta sake dawowa, ta bar yumɓun Dange da farar ƙasar Kalambaina, wadda ake ƙonawa a yi siminti a Sakkwato. Cike take da ɓawon dodon koɗi da ƙumba da wasu mitsi-mitsin halittu da sai da madubin ƙara girma ake ganinsu. Masu haƙar rijiyar burtsatse mai zurfi a Birnin Kebbi sukan tarar da ita.

Waɗannan burbushin halittu su ne ma'auni na biyu. Kowane zamani da irin halittunsa, kuma wadda ta ƙare ba ta dawowa. Idan aka sami irin ɓawon da ke Kalambaina a wata shimfiɗa a Mali ko Libiya, an san sa'o'in juna ne. William Smith ya yi amfani da wannan dabara wajen zana taswirar duwatsun Ingila a 1815. Sai dai ita wannan hanya tana nuna wa ya girmi wa ne kawai, ba ta faɗin yawan shekaru.

Lissafin shekaru daga sinadarai masu rikiɗa yake fitowa. Yuraniyom-238 yana komawa dalma a hankali, rabinsa cikin shekara biliyan 4.47, kuma zafi ko sanyi ba sa sauya wannan saurin. Idan narkakken dutse ya daskare, wasu ƙananan ƙwayoyi a cikinsa suna kulle yuraniyom ba tare da dalma ba. Duk dalmar da aka auna a cikinsu daga baya ta taru, kuma da ita ake lissafa shekarun. Haka ake yi da fotasiyom-40, wanda rabinsa ke rikiɗa cikin shekara biliyan 1.25. Da irin wannan awo aka gano duniya ta kai shekara biliyan 4.54. Kabon-14 da ya fi suna kuwa ba shi da amfani a nan, domin iyakarsa kimanin shekara 50,000. Gawayin tsohon kufai yake aunawa, ba ƙashin dabbar teku ba.

Matsalar ita ce yashi da yumɓu ba daskarewa suka yi ba, taruwa suka yi. In an auna ƙwayar yashi daga Argungu, shekarun dutsen da ta ɓalle daga gare shi za a samu, ba lokacin da ruwa ya ajiye ta ba. Saboda haka ake haɗa hanyoyin biyu: a nemi wuri a duniya inda irin wannan burbushi yake tsakanin shimfiɗun tokar aman wuta, a auna tokar, sannan a ɗauko adadin zuwa kwarin Rima.

Shimfiɗar Gwandu, wadda Birnin Kebbi da Argungu ke zaune a kanta, ita ce ƙarama a shekaru, kuma ita ta fi ba masana wahala. Bayan teku ta tafi, koguna da tafkuna ne suka tara ta, ba ta da ɓawon teku da za a kwatanta. A shekarun 1970 C. A. Kogbe na Jami'ar Ahmadu Bello da M. A. Sowunmi suka koma ga ƙurar furen tsirrai da ta maƙale a cikin baƙin yumɓunta. Abin da aka fi yarda da shi shi ne ba ta girmi shekara miliyan 56 ba, amma tazarar da ake ba ta tana da faɗi ƙwarai. Marmarar da ta rufe kan tuddai masu shafaffen kai, kamar na Dukku, daga baya ta samu, sakamakon ruwan sama da zafi da suka daɗe suna dafa ƙasa. Yashin Gwandu da yumɓu ya danne shi ne ke riƙe da ruwa, shi ya sa wasu rijiyoyin burtsatse a kwarin suka riƙa tunkuɗo ruwa da kansu. Lakar fadama da ake noman shinkafa a kanta kuwa, ambaliyar kowace damina tana ƙara mata sabon hawa.