Cibiyar CERMES ta Yamai da Aikin Gano Ƙwayar Sanƙarau

Sanƙarau, wato kumburin tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, tsohuwar cuta ce a ƙasar Hausa, domin yankin yana tsakiyar zirin da ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha, inda annobar kan tashi da ƙurar hunturu, ta tsananta da zafin bazara, sannan ta lafa da faɗuwar damina. Tsakanin 1996 da 1997 kimanin mutum 250,000 suka kamu a wannan ziri, wajen 25,000 suka rasu. Jama'a kan ga layin allura da ma'aikatan asibiti idan annoba ta ɓarke, amma shawarar wace allura za a kawo a ɗakin gwaje-gwaje ake yanke ta, kuma a Nijar cibiyar CERMES da ke Yamai ce ke ɗauke da wannan nauyi.

An kafa cibiyar a ƙarshen shekarun 1970 don binciken sanƙarau da tsargiya, daga baya aikinta ya faɗaɗa zuwa zazzaɓin cizon sauro da wasu cututtuka, ta koma ƙarƙashin ma'aikatar lafiya ta ƙasar, tana kuma cikin jerin cibiyoyin Pasteur na duniya.

Ƙwayar bakteriyar da ke haddasa annobar ba iri ɗaya ba ce. Masana sun kasa ta rukuni-rukuni bisa irin ɓawon da ke rufe da ita, suka laƙaba wa kowane harafi, kamar A da C da W da X da Y, kuma rigakafin da aka haɗa don wani rukuni ba ya kare mutum daga wani. Ciwon kai da zazzaɓi da sandarewar wuya kuwa iri ɗaya suke bayyana, saboda haka likita ba zai iya bambance rukunonin da ido ba, sai an ɗebi ɗan ruwan laka da allura daga gadon bayan majinyaci an gwada. Wahalar ita ce ƙwayar ba ta da juriya, kuma kafin ruwan ya iso Yamai daga Damagaram ko Maraɗi sau da yawa ta riga ta mutu, ba za ta tsiro a faifan gwaji ba. Tun farkon shekarun 2000 cibiyar ta rungumi dabarar PCR, wadda ke ninka sinadarin gadon ƙwayar har ya kai yawan da na'ura za ta gane shi, ko da ƙwayar matacciya ce. Da haka ƙananan asibitocin da ba su da kayan gwaji suka shiga tsarin sa ido na ƙasa.

Amfanin hakan ya fito fili a 2006, lokacin da gwaje-gwajen suka nuna cewa rukunin X, wanda ba a ɗauke shi da muhimmanci ba kuma babu rigakafinsa a lokacin, shi ne ke kwantar da mutane a Yamai da kewaye. A ƙarshen 2010 aka fara yi wa masu shekara 1 zuwa 29 allurar MenAfriVac, ta rigakafin rukunin A, a Burkina Faso da Mali da Nijar, wadda kamfanin Serum na Indiya ya samar a ƙasa da rabin dalar Amurka kowace allura, kuma sakamakon gwaji ne ya tabbatar da cewa rukunin A ya kusa ɓacewa. Sai dai wani sabon nau'in rukunin C da aka fara gani a arewa maso yammacin Najeriya a 2013 ya haddasa babbar annoba a Nijar a 2015, sannan ya yi ɓarna a Zamfara da Sakkwato a 2017. Irin waɗannan bayanai, da aka tara shekara da shekaru, su suka nuna buƙatar rigakafi mai haɗa rukuni biyar, wanda Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta yi amfani da shi a 2024.

Ƙarfin cibiyar ya dogara ne da abin da ke isowa gare ta: ma'aikacin da ya iya ɗibar ruwan laka, iyayen da suka amince a soki bayan ɗansu, akwatin sanyi da motar da za ta kai samfurin, kuma abin takaici ne cewa waɗannan ƙananan abubuwa su ne kuɗi kan fara yankewa a kansu. Gwaje-gwajen sun kuma nuna cewa wani kaso na masu sanƙarau wata ƙwayar daban ce ke kama su, wadda ke jawo ciwon huhu, ta fi saurin kisa, kuma sabon rigakafin ba ya taɓa ta.