KIWON 'YAN TSAKI: A SAN IRINSU KAFIN A BIYA KUƊI

Tun daga shekarar 1976, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin nan na ciyar da ƙasa, aka riƙa kwaɗaitar da ma'aikata da 'yan makaranta su yi lambu da kiwon kaji a bayan gida. Har yanzu wannan sha'awa ba ta gushe ba, domin albashi ba ya kai ƙarshen wata, ƙwai da nama kuwa kullum ƙara tsada suke yi. To, amma da yawa daga cikin masu fara wannan kiwo sukan tafka hasara tun a karon farko. Ko dai 'yan tsakin su mutu cikin mako biyu, ko kuwa su rayu, sai bayan sun cinye abinci buhu-buhu mutum ya gane ba irin da ya nema aka ba shi ba.

KOWANE IRI DA AMFANINSA

Kajin gidan gona kashi uku ne. Akwai na nama, waɗanda ake kira burola. Farare ne, an samo su ta hanyar barbarar kajin Konish na Ingila da farar Filimot Rok ta Amurka, sukan kai kilo 2 cikin mako 6 zuwa 8. Akwai na ƙwai, watau leyas, waɗanda ba su fara saka sai sun kai mako 18 zuwa 20. A cikinsu akwai Shika Brown, wadda masana na Cibiyar Binciken Dabbobi da ke Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, suka samar, aka yi mata rajista a shekarar 2000. Tana saka jan ƙwai, tana kuma jure zafin ƙasarmu. Kashi na uku su ne masu ba da nama da ƙwai gaba ɗaya, kamar Noiler da FUNAAB Alpha ta Jami'ar Aikin Gona ta Abekuta, wadda aka yi wa rajista a 2018. Waɗannan sun fi kajin Hausa saurin girma, kuma suna iya fita tono a tsakar gida.

Ma'aikacin da ke son ya sayar da kaji lokacin Salla, burola zai nema. Ɗalibin da ke son ƙwai ya riƙa kawo masa kuɗin littattafai, leyas zai saya, ya kuma shirya ciyar da su wata biyar ba su ba shi ko kwabo ba. Wanda bai tsai da shawara a kan wannan ba, kada ya tunkari mai sayarwa.

ABIN DA LAUNI KE FAƊA

Wahalar ita ce, ranar da aka ƙyanƙyashe su duk 'yan tsaki kusan ɗaya suke, kowanne nauyinsa wajen giram 40. Duk da haka launin gashinsu yakan ba da haske. A jajayen kajin ƙwai irin su ISA Brown, matan sukan fito ja-ja, mazan kuwa farare masu ɗan ruwan ɗorawa. A baƙaƙen kajin ƙwai irin su Harco, matan baƙaƙe ne wuluk, mazan kuwa suna da ɗigon fari a tsakar kai. Noiler ba su da launi guda, a kwali ɗaya sai a ga ja da baƙi da wake-wake.

A nan ne masu ha'inci ke samun ƙofa. Gidajen ƙyanƙyasa ba su da bukatar mazan leyas, saboda haka sukan sayar da su da araha ƙwarai da sunan kokarel. Tun da launinsu ya yi kama da na ɗan burola, wasu 'yan kasuwa sukan sayar wa sabon shiga da su a matsayin burola, ko su cakuɗa su cikin kwali. Mai lura zai ga ɗan burola ya fi faɗin jiki da kaurin ƙafa, kokarel kuwa siriri ne mai yawan zirga-zirga, amma sai ido ya saba yake rarrabewa.

Abin da ba ya ƙarya shi ne sikeli. Ɗan burola mai samun abinci sosai yakan ninka nauyinsa sau huɗu cikin kwana 7, watau ya kai giram 160 ko fiye, alhali kuwa kokarel da ƙyar yake kai giram 70. A mako na huɗu burola ya haura kilo 1, kokarel bai kai rabin kilo ba, sai dai zankonsa ya fara ja. Shi ma kokarel abin kiwo ne mai daɗin nama, amma yana bukatar wata 4 zuwa 5, ga shi an saye shi da kuɗin burola. Saboda haka kada a yi cinikin biri a sama. A saya daga wakilin gidan ƙyanƙyasa da aka sani, a karɓi rasit mai ɗauke da sunan irin da ranar ƙyanƙyasa, a kuma buɗe kwalin a duba: ido garau, cibiya a bushe, ƙafa a miƙe.

MAKO BIYUN FARKO

Ɗan tsako ba ya iya ɗumama jikinsa da kansa, wannan aikin uwa ne. Tun da waɗannan ba su da uwa, mai kiwo ne zai tsaya a madadinta. A share ɗaki a wanke shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta tun kafin su iso, a shimfiɗa ɓuntun shinkafa ko kankararren katako, a kewaye wuri da kwali, a kunna wuta tun da sauran sa'o'i. Ana iya amfani da ƙwan lantarki ko fitilar ƙwai ko kurfoti, amma mai amfani da gawayi ya bar kafar shigar iska, domin hayaƙinsa yana kisa. Zafin da ake so a makon farko digiri 32 zuwa 35 ne, sa'an nan a riƙa rage wajen digiri 3 kowane mako.

Wanda ba shi da ma'aunin zafi, 'yan tsakin za su gaya masa. In sun cunkushe kusa da wuta suna kuka, sanyi suke ji, kuma suna iya danne juna har wasu su mutu. In sun guje ta sun manne da bango suna haki, zafi ya yi yawa. In sun bazu ko'ina suna ci suna sha, to, an dace. Lokacin hunturu sai an riƙa tashi cikin dare ana dubawa.

Yawancin 'yan tsakin da ake sayarwa a Arewa daga wajejen Ibadan ake kawo su, sukan iso a galabaice. Ragowar gwaiduwar da ke cikinsu tana riƙe su har kwana uku, amma ƙishirwa ba ta jira. A fara ba su ruwa mai tsabta da ɗan sukari a cikin mazubi mara zurfi, kana a kawo abincin farko na irinsu. Dusa da tsakin hatsi kaɗai ba su isa ba.

Rigakafi ya fi magani. Cutar Niyukasil, wadda ke kwashe kaji da hunturu, da cutar Gumboro, wadda ke kama ƙanana, ba su da magani sai rigakafi. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, tana haɗa magungunan rigakafin duka biyun. Likitan dabbobi ko malamin gona zai tsara ranakun bayarwa, kuma wajibi ne a adana maganin cikin sanyi.

Shawararmu ga sabon shiga ita ce ya fara da guda 25 ko kwali ɗaya mai 50, ya buɗe littafi ya riƙa rubuta abincin da suka ci, da nauyinsu kowane mako, da waɗanda suka mutu. Littafin nan ne zai nuna masa ko irin da aka ba shi na gaskiya ne, ya kuma gaya masa wurin wanda zai koma saye a karo na biyu.