Ƙwayoyin gyaran jiki da rawar tsoka

A Maraɗi da Damagaram, in ido ya yi rawa cewa ake baƙo na tafe. Amma macen da ta fara shan ƙwayoyin ganye masu kwaikwayon sinadarin estrojen, irin waɗanda ake tallar su a WhatsApp don cika ƙirji, sannan ta ji tsokarta na motsi da kanta, gara ta duba kwalbar.

Sau da yawa gajiya ce ko yawan shayi. Haɗin da ke da saiwar reglis ne abin tsoro: yana zubar da potasiyom ta fitsari, ya sa hawan jini, har bugun zuciya ya rikice. In rawar ta zo da kasala, a dakatar da maganin, a kai kwalbar asibiti a auna jini.