Zaɓen Majalisar Birnin Gilasgo: Rabon Kujeru Gwargwadon Ƙuri'u

Ran 3 ga watan Mayu 2007 aka yi zaɓen majalisun ƙananan hukumomi 32 na ƙasar Sikotlan bisa sabuwar hanya, watau kowace jam'iyya ta sami kujeru gwargwadon ƙuri'un da jama'a suka ba ta.

Dā can kowace mazaɓa wakili guda take fitarwa, wanda ya fi ƙuri'a shi ya ci. Ta haka ne a 2003 Jam'iyyar Leba ta kwashe kujeru 71 cikin 79 a Gilasgo, alhali kuwa ƙuri'unta ba su kai rabi ba.

A sabuwar hanya an raba birnin mazaɓu 21, kowace da wakilai uku ko huɗu. Mai zaɓe yakan rubuta 1 gaban wanda ya fi so, 2 gaban mai bi masa, har ƙarshe. In kujeru uku ne, ƙuri'u kuma 4,000, sai a raba huɗu a ƙara ɗaya, wanda ya sami 1,001 ya shiga. Rarar ƙuri'unsa, da na wanda ya zo ƙarshe aka fid da shi, sai a mayar wa masu bi.

Da aka gama ƙidaya, Leba ta sami 45, SNP ta tashi daga 3 zuwa 22, sauran jam'iyyu suka raba 12.

Abin lura ga Hakimai da malamansu shi ne, wannan hanya tana ba marasa rinjaye bakin magana, amma a yawancin majalisun ƙasar ba jam'iyyar da ta rinjaya ita kaɗai, dole sai da haɗa kai aka tafiyar da mulki.